Jar Fitila a Ɗakin Adda

Sabitu malamin dabbobi ya kai shekara talatin da ɗaya a duniya bai taɓa jin mahaifiyarsa ta kira sunansa ba. Ba wani laifi ya yi mata ba. Ɗan fari ne, ita kuwa Hawwa'u 'yar gidan da ake riƙe kunyar ɗan fari ce da hannu biyu, irin mutanen nan da suka bari Fillanci ya kuɓuce musu amma suka ƙi sakin wannan. Tana yaye shi aka kai shi wurin kakarsa Dada a cikin garin Kurfi. Dada ce ta goya shi, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita kuma ta yi kuka ranar da aka rubuta sunansa cikin yaran da za a kai makarantar boko a Dutsin-Ma. Wadda ta haife shi kuwa, da ya tashi ya ji ƙannenta suna ce mata Adda, wato babbar yaya, sai shi ma ya bi sahu. Har ya yi gemu Adda yake ce mata.

Rugarsu tana bayan Kurfi ta hanyar Wurma. In ya je, yakan durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa wa bango. In tana da magana da shi sai ta nemi ƙanwarsa Sauda, wadda ke aure a nan cikin rugar. "Sauda, ce ma mutumen nan ga hura nan." Alhali kuwa ga shi ga ta, in ya miƙa hannu sai ya taɓa gefen zanenta. Mutanen ruga suna yaba mata wannan hali, suna cewa matan yanzu ba za su iya ba. Shi ma in ana yabon yakan gyaɗa kai ya ce ai haka ne. Amma in ya hau kekensa ya kama hanyar Dutsin-Ma, abin yakan tsaya masa a rai har ya ci rabin hanya. Daga Kuki har Wurma, duk inda saniya ta ƙi kiwo sunansa ake kira, yara ma sun iya shi. Bakin da yake so ya ji sunan a cikinsa ne kaɗai ya ƙi.

A daminar shekara ta uku bayan samun mulkin kai, marka ta zauna kamar ba za ta tashi ba, sanyin ƙashi ya kama gwiwar Hawwa'u ta dama. Matar da ke ɗaukar ƙwarya uku ta nono ta kai Kurfi ta dawo ba ta huta a hanya ba, sai ga ta tana salla a zaune, in za ta zaga bayan ɗaki sai ta dafa Sauda. An kira wanzami ya kafa ƙaho. An dafa saiwoyi iri-iri, an gasa da tsumma da ruwan zafi har fatar ta yi laushi. Gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Sauda ce ta aika wa wanta saƙo ta bakin fatake, domin ita mai gwiwar, ko ƙafar za ta guntule ba za ta aika masa ba.

A Dutsin-Ma katangar Sabitu ɗaya da Malam Obadiya, mai ba da magani a ɗakin shan magani, mutumin Kudancin Zariya da ya shekara goma sha biyu a garin. Kowa Likita yake ce masa, shi kuma ya gaji da bayanin cewa shi ba likita ba ne, ya bar su. Da Sabitu ya kai masa kukan gwiwar nan, sai ya shiga ɗakinsa ya fito da wani abu naɗe cikin tsohon bargo.

Fitila ce mai famfo, mai shan kananzir, amma ba irin ta masu shayi ba. A jikinta akwai wani faranti na jan ƙarfe mai zurfi kamar kasko, a tsakiyarsa dunƙulen raga. Wani Bature mai aikin hanya ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, shi kuma da ita yake jinyar bayansa a gida in tsayuwa ta yi masa yawa. Ya ɗumama ta, ya buga famfo, ta kama huci, can sai ragar ta yi jawur kamar garwashin ƙirya. Ba ta haska wuri sosai. Amma da Sabitu ya miƙa tafin hannunsa gabanta, sai ya ji ɗumi ya wuce fata ya shige can ciki.

"Ban ce maka tana warkarwa ba," in ji Obadiya. "Sauƙi take kawowa. Jan hasken nan yana sassauta jijiya, mutum ya samu ya miƙe. Amma ka buɗe kunnenka, Malam Sabitu. Ka fara ajiye ta kamu uku daga ƙafar. Sannan ka riƙa matso da ita taƙi-taƙi," ya ware babban yatsa da na tsakiya ya nuna masa, "kana tambaya. Duk inda ta ce maka ta ji zafi, ka ja baya taƙi guda, ka bar ta nan minti goma sha biyar. Kada ka dogara da idonka, a cikin jan nan ba za ka ga halin da fata ke ciki ba. Fitilar nan ba ta da ma'auni sai bakin mai ciwo."

Sabitu ya ce ya ji. Bai gaya wa Likita cewa mai ciwon ba ta magana da shi ba, don ta ina zai fara? Ya nemi hutun sati biyu a ofis, ya ɗaure fitila cikin buhu a bayan keke tare da kwalbar kananzir, ya bi taɓo ya nufi Kurfi.

Ranar farko rugar duka ta taru a ƙofar ɗakin Hawwa'u. Baffa Alu, ƙanen marigayi mahaifinsu, ya sunkuya ya ƙare wa abin kallo, ya ce wannan ai na gasa masara ne, in an gama da gwiwa a ba shi aro. Hawwa'u ta dubi abin da ke huci a tsakar ɗakinta, ta dubi 'yarta.

"Sauda, tambayi mutumen nan, gasa ni za ya yi?"

"Hamma, wai gasa ta za ka yi?" in ji Sauda, da sunan da suke kiran babban wa, tana danne dariya.

"Ce mata ɗumi ne kawai. In ta ji zahi ta hwaɗa."

Haka aikin ya tsaru. Kullum bayan la'asar Hawwa'u za ta zauna a tabarmarta ta kaba, ta juya fuska ga bango, ta lulluɓe kai da mayafi, ta miƙe ƙafa ta ɗage zane zuwa gwiwa. Sabitu yana durƙushe a bayan fitila idonsa a ƙasa, don shi ma ba zai ƙura wa ƙafar uwarsa ido ba. Sauda tana tsakiya kamar tafinta a kotu. Ya matso taƙi guda, shiru. Ya ƙara guda, shiru. A na uku sai murya ta fito daga cikin mayafi: "Ce mashi ya isa, da zahi." Sauda ta maimaita, duk da dai ya riga ya ji, shi kuma ya ja baya taƙi guda ya duba agogonsa. Kafin kwana biyar gindin fitilar ya yi zobe a daɓen ɗakin, saboda kullum a wuri guda take zama.

Kuma ƙafa ta saki. Ran kwana shida Hawwa'u ta yi ruku'u a tsaye. Ran kwana tara ta taka har garke ba ta dafa kowa ba, ta tsaya tana yi wa matan 'ya'yan Baffa Alu faɗa a kan yadda suke ɗaure maruƙa, kowa ya san ta dawo. Baffa Alu ya bar zancen masara, ya fara raɓowa da kafaɗarsa yana tambaya ko abin yana yi wa maza. Da yammar nan, bayan an kashe fitila, Hawwa'u ta ce da Sauda, "Ce ma mutumen nan Allah shi yi mashi albarka." Sabitu ya ce amin, ya fita ya zaga bayan rumbu, ya daɗe a can yana duba tayar kekensa wadda ba abin da ya same ta.

Da ya tsaya a nan, da an rabu lafiya. Amma kwana goma yana jin muryarta kusa da shi haka, abin da bai taɓa samu ba tun da aka haife shi, kuma kowace kalma sai ta biya ta wurin Sauda kafin ta iso gare shi, kamar ruwan da wani ya riga ya sha ya rage. Sai wani tunani ya shiga ransa. Ya kore shi, ya dawo. In Sauda ba ta nan fa? Fitila ba ta da ma'auni sai bakin mai ciwo, Likita da kansa ya faɗa. In babu na uku a ɗakin, ba ta da yadda za ta yi, dole shi za ta gaya wa. Bai ma kai ga kwaɗayin sunansa ba. Kalma biyu kawai yake so, "da zahi", amma tasa ta kansa, daga bakinta zuwa kunnensa ba wanda ya tsaya a tsakani. A ganinsa wannan bai yi yawa ba.

Ranar kasuwar Kurfi, Sauda ta ɗauki nono tun da hantsi, ta ce za ta dawo kafin la'asar. Maza sun bi shanu, mata wasu kasuwa wasu gona. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, Sabitu ya dubi sama ya ga ya sami hujja. Ya ɗauki fitila ya yi sallama a ƙofar ɗakin.

"Adda, hadari ya taso, ƙila ruwa shi tsare Sauda. Gara a yi yanzu."

Ta ɗago ta dubi ƙofa, tana neman wanda zai shigo bayansa. Ba kowa. In za ta ƙi, sai ta buɗe baki ta ce masa a'a, wannan ma kuwa magana ce. Sai ta gyara zama ta juya ga bango, ta ja mayafi, ta miƙe ƙafar.

Sai da ya ɓata ashana uku kafin ya kunna fitila. Ya ajiye ta kamu uku yadda aka saba. Ɗakin ya yi duhu saboda hadari, jan hasken ya kwanta a kan gwiwar da gefen tabarma.

"Adda, in kin ji zahi ki hwaɗa mani."

Shiru. Ya matso taƙi guda, ya ƙara guda, gindin fitila ya zauna daidai cikin zobensa. Nan ne wurin zamanta, ya sani sarai. Da ya bar ta a nan ya duba agogo, da shi ke nan. Sai ya tura ta taƙi na uku, wurin da kullum muryar ke fitowa, ya kasa kunne. Ba abin da ya ji sai hucin fitila da tsawa can nesa.

"Adda?"

Ya ba ta lokaci. Ya ce a ransa kunya ce, yanzu za ta gaji ta faɗa. Ya tura na huɗu. Ya ji numfashinta ya canja, yana fita gajere-gajere. Ya saci kallo, ya ga hannunta na hagu ya damƙe gefen tabarma, kaba tana karyewa cikin yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas. To ai ta ji ke nan. Ta ji, amma ta gwammace ta ƙone da ta yi masa magana. Nan fa wani abu ya taso masa wanda ba tausayi ba ne. Haushi ne na shekara talatin da ɗaya, taurin kan da ya biyo bayansa kuwa nata ne ya gada, ba na kowa ba. Ya tura na biyar.

Bai san iya lokacin da suka ɗauka a haka ba, ita ga bango, shi ga ƙasa, kowa yana jiran ɗaya ya karaya. Ƙaurin bakin zanenta ne ya dawo da shi cikin hayyacinsa. Ya fizgi fitilar baya, ya saki iskarta ta mutu. Hawwa'u ta ja zane ta rufe ƙafarta a hankali, ta gyara mayafi. Ko tari ba ta yi ba.

"Adda, lahiya dai? Ba ta ƙone ki ba?"

Bango ma ya fi ta magana. Ya fita ya tsaya cikin yayyafi yana huci shi ma kamar fitilar. Abin kunyar shi ne, a wannan lokacin tausayin kansa yake ji, ba nata ba.

Sauda ta dawo jiƙe sharkaf bayan la'asar, ta shiga ɗakin, ta fito da saƙo. "Hamma, ta ce a ce maka ƙahwa ta yi sauƙi, a huta da hitilar hakanan." Ya ji sanyi a ransa, ya ce to ashe ba abin da ya faru, kuma bai nemi ya gani da idonsa ba. Washegari masinja ya zo daga ofis da takarda: ciwon huhu ya ɓulla a shanun wajen Kuki, an yanke masa hutu. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi sallama. Tana kwance a lulluɓe, ta ce da Sauda a ce masa Allah shi kiyaye hanya. Ya rataye fitilar a jikin bango, ya ce zai dawo nan da sati guda a ci gaba.

Kwana goma sha shida ya yi a daji, yana keɓe garken da ya kamu, yana allura, yana bin sawun makiyayan da ke gudu da shanunsu don kada a keɓe su. In ƙarar kabar nan ta faɗo masa a rai, sai ya ƙara wa kansa aiki. Ranar Asabar da ya dawo Dutsin-Ma, ya tarar da Baffa Alu zaune a zaurensa, sandarsa a gicciye kan cinya, ƙafafunsa duk taɓo.

"Tun jiya nike jiranka," in ji Baffa Alu. "Uwarka ba ta iya buɗe baki."

Ba wanda ya taɓa ce masa "uwarka" kai tsaye haka, sai dai Adda. Daga nan ya san abin ba ƙarami ba ne. Ya buga ƙofar Obadiya, suka ɗauki kekuna. A wurare biyu sai da suka ɗora kekunan a ka suka ratsa ruwa har ƙirji.

Yana shiga ɗakin ya gane, bai jira Likita ba. Ya sha ganin wannan ciwo a jakunan da mangala ta ci wa baya: wuya ya sandare, haƙora su kama juna, ƙaramin motsi ya sa jiki ya banƙare. Sarƙe-haƙora ne, kuma bai tuna jakin da ya gani ya tashi daga shi ba. Hawwa'u tana kwance rigingine a kan tabarmar, bayanta ya ɗan tashi daga ƙasa, leɓunanta sun ja baya. Sauda ta ɗage zanen. A gefen gwiwar akwai gyambo mai faɗin tafin hannu, an manne shi da wani abu baƙi.

"Kwana biyar tana ɓoye mani," in ji Sauda cikin kuka. "Sai da na ji wari. Ta ce garwashi ne ya hwaɗa mata tana hura wuta. Ita da kanta ta shahwa kashin shanu da toka, yadda ake yi ma ƙuna tun kakanni. Shekaranjiya-waccan ta hwara cewa muƙamuƙinta na mata nauyi."

Obadiya ya wanke gyambon da abin da ya zo da shi, ya ɗaure. Da zai miƙe idonsa ya faɗa kan fitilar da ke rataye a bango. Ya taɓa kafaɗar Sabitu suka fita gindin gawo.

"Malam Sabitu, na ga ƙunar garwashi ba adadi. Garwashi ɗigo yake yi, ba ya faɗi haka." Ya dube shi. "Ta ce maka da zafi?"

"Ba ta ce ba."

"Ba ta ji ba ne?"

"Ta ji."

Obadiya ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. Bai ƙara tambaya ba, kuma Sabitu ya so a ce ya zage shi. "Allurar wannan ciwo sai babban asibiti a Katsina," in ji shi. "Yau kwana huɗu mota ba ta ƙetare rafi ba, in kuma aka ɗora ta a jaki, girgizar kaɗai ta isa. A rufe ƙofa kada haske ya shiga. Kada a daka turmi kusa, kada kowa ya ɗaga murya. Ku ɗiga mata madara ta gefen baki in za ta wuce. Sauran na Allah ne."

Sabitu ya shiga ya zauna a kan tabarmar, kusa da kanta, wurin da bai taɓa zama ba. Ba wanda ya ce masa ɗan fari ba ya zama nan. Yana tsoma auduga cikin madara yana ɗiga mata ta wani giɓi da ke haƙoranta na gefe, rabi ya shiga rabi ya gangaro, ya share da hannun rigarsa. In zakara ya yi cara a waje jikinta ya banƙare, sai ya riƙe kafaɗunta har abin ya sake ta. Bai taɓa sanin ta yi furfura haka ba. Bai taɓa sanin akwai wani ɗan tabo a haɓarta ba, daidai inda shi ma yake da irinsa.

A rana ta uku da hantsi, Sauda ta fita ɗebo ruwa. Haske kaɗan yana shigowa ta ƙasan asabari. Hawwa'u ta juyo da idonta, don wuyan ba ya juyuwa, ta dube shi. Ba bango ta duba ba, ba ƙofa ba, shi ta duba, tsakiyar fuskarsa, ta daɗe tana duba kamar mai son ta haddace. Maƙogwaronta ya yi sama ya yi ƙasa. Wata iska ta fito ta tsakanin haƙora. Ya sunkuya ya kai kunnensa har yana taɓa leɓenta, yana roƙon Allah a ransa, ko harafi guda ne. Ta sake gwadawa, jijiyoyin wuyanta suka tashi, hawaye ya gangaro ya shiga kunnenta. Bakin da ya shekara talatin da ɗaya a rufe da gangan, yau da take so ya buɗe ya ƙi.

"Adda, ni ne," in ji shi. "Na ga hannunki a tabarma. Na sani kin ji, na ƙara matsowa. So nike ki yi mani magana kawai. Ki yahe mani."

Hannunta ya lalubo wuyan hannunsa ya damƙe. Ko yafewa ce, ko ciwon ne ya sake taso mata, bai sani ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Kafin azahar ta cika.

Bayan sadakar uku mutane suka fara watsewa. Sabitu yana zaune shi kaɗai a gindin gawon nan, Sauda ta zo ta durƙusa gefe, tana murza bakin mayafinta.

"Hamma, akwai saƙo. Tun ranar da ta ji bakinta ya hwara kamawa ta ba ni, ta ce kada in hwaɗa sai ka zo ka zauna. Ni kuma da na ga halin da kake ciki na kasa."

Ya ɗaga kai.

"Ta ce in ce ma mutumen nan, ranar kasuwar nan ba ta ji zahi ba. Ta ce ƙahwar ce ta mutu, ba ta jin komi, shi ya sa ta yi shiru. Ta ce hitilarshi ta yi mata amfani, da ita ta yi salla a tsaye. Kada shi sa ma ranshi komi."

"Haka ta ce? Mutumen nan?"

Sauda ta gyaɗa kai. "Haka ta ce."

Ya tashi ya shiga ɗakin. An share shi, an kwashe ƙoren nono, fitilar tana nan a rataye, zoben gindinta kuma yana nan a daɓe. An naɗe tabarmar an jingine da bango. Ya shimfiɗa ta a inda take zama. A gefen hagu kaba ta kakkarye ta yi huji, daidai girman damƙar hannu guda. Mace ce da ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, amma saboda shi ta yi guda biyu, ɗaya ta garwashi, ɗaya wannan. Ya sa yatsunsa huɗu cikin hujin, suka shige daidai. A nan ya zauna yana kuka, fuskarsa ga bango, har aka kira la'asar.